Ni da Walter Mitty a Hanyar Agadas

Tun da aka rufe mahaƙar uraniyom ta Cominak a watan Maris na 2021, aiki ya ja baya a ɗan ofishinmu na 'yan kwangila a Arlit. Da can sai mu kai magariba muna buga takardu, yanzu kuwa kafin hantsi ya dubi ludayi mun gama, sai shayi da kallon fanka. Abokan aiki suna hira, ni ina kusurwa ina zancen zuci, don ni mutum ne da ko gaisuwa sai na yi mata shiri tun daga gida.

A wannan zaman kashe wando wani yaro ya tura mini fim ɗin Ben Stiller na 2013, The Secret Life of Walter Mitty. Wani bawan Allah ne mai kunya, yana ajiyar hotuna a mujallar Life a New York, ya kasa yi wa abokiyar aikinsa magana, amma a cikin kansa ya gama ceton duniya. Da hoto guda ya ɓace, ya bi sawunsa har Girinlan, ya faɗa jirgi mai saukar ungulu. Na ce wallahi ɗan'uwana ne, uwa ce kawai ba mu haɗa ba. Ni ma ina da tawa: mai riƙe kuɗin ofis, wadda tsakanina da ita bai taɓa wuce "ina kwana" ba.

Ran nan ana taro, shef yana bayani, ni kuwa na nutse mita 250 a ƙarƙashin ƙasa cikin ramin Cominak na Akouta. Rufi na zubowa, ma'aikata na salati, ita tana bakin rami tana kuka. Na miƙe tsaye na daka tsawa: "Ku bar mini wannan aikin!"

Ashe a bayyane na faɗa. Shef ya cire tabarau ya ce, "Madalla, Malam. Na ɗauka ba mai zuwa." Tambayar da ya yi ita ce wa zai kai takardun kwangila Agadas, tunda direba na kwance.

Hanyar, ana ce mata hanyar uraniyom, kilomita kusan 240 daga Arlit zuwa Agadas. Wanda ya ce maka kwalta ce, to tarihi yake ba ka. Direbobi ma sauka suke daga kanta su bi rairayi, don ya fi ta laushi. Aka ɗora ni bayan Hilux, kan buhu, ƙafa ɗaya a waje, wani Buzu ya naɗe fuska da rawani ya bar ni da ƙura. A gefena rago ɗaure, yana ta kallona. Na rungume ambulan a ƙirji, na lumshe ido. Nan da nan na zama jagoran ayarin gishiri daga Bilma, raƙuma dubu a bayana, 'yan fashi na gudu da jin sunana.

Wani ɗumi na ji a hannu. Rago ya ci kusurwar ambulan, ya haɗa da shafi na ƙarshe, daidai inda hatimi da sa hannun shef suke. Yana tauna yana lumshe ido. Mai ragon ya ce, "Yi haƙuri, ɗan'uwa, tun safe bai ci komai ba."

A Agadas ma'aikacin ya juya takardar gaba da baya, ya sunsuna, ya ce in koma in sako hatimi.

Na dawo Arlit jajawur da ƙura, baki a tsage. Ina shiga ofis ta ɗago kai ta yi mini doguwar magana, karon farko a rayuwa: "Malam, ina rasit na kuɗin mota? In babu, daga albashinka za a cire."

Rasit ɗin ma a cikin ambulan na sa shi.