Kafin ka jefa hedifonka a kwatar Nima

Kaf Nima da Maamobi da New Town, da wuya ka sami hedifon da tsufa ya kashe. Igiya ce ajalinsa. Ko ƙofar tirotiro ta datse ta lokacin da yaron mota ke gaggawar rufewa a Circle, ko ka zabura jin kiran sallar Magariba ka manta wayarka na kan benci, ko autan gidanku da dasashi ke yi wa ƙaiƙayi ya riga ka zuwa gare ta. Daga nan kunne ɗaya ya ɗauke. Sai ka shiga sabuwar sana'a: ka murɗa igiya, ka danne ta da babban yatsa, ka karkata wuya gefe guda, ka tsaya cak don kada sauti ya gudu. Wanda ya hango ka daga nesa har sannu zai yi maka, ya zaci sanƙarau ne.

To ƙanina, lasifikokin da ke cikin kofunan nan biyu lafiyarsu ƙalau, kuma su ne kuɗin hedifon. Abin da ya lalace 'yar waya ce da ba ta kai kuɗin koko da ƙosai na mako ba. Maganin shi ne ka raba aurensu: ka cire igiyar da aka haɗa ta dindindin, ka dasa soket ɗin jak a jikin kofin, irin mai wuya da zare wanda ake ɗaure shi da noti daga waje. Daga ranar, duk igiyar da ta tsinke sai ka zare ta ka soka wata. Ƙofar tirotiro ma in ta kama, igiyar ce za ta fice ta bar maka kunnuwanka.

Kada ka raina ɗan ramin nan, ya girmi kakan kakanka. Babban jak mai kaurin milimita 6.35, wanda kake gani a bakin makirfon masallaci da jikin jita, tun ƙarni na 19 ma'aikatan haɗa layin tarho ke soka shi suna zarewa. Ƙaninsa mai milimita 3.5 ya biyo ƙananan rediyoyi, sannan Walkman na kamfanin Sony ya yaɗa shi duniya daga 1979. A 2016 Apple ya fitar da iPhone 7 babu ramin, aka yi ta yi wa jak ta'aziyya tun yana da rai. Ka leƙa aljihun samarin Zango ka ƙirga Tecno da itel da Infinix masu rami a gindi, za ka san mamacin yana nan yana cin tuwo.

Sayen soket ɗin kansa yana da ladabi. Masu kayan lantarki na Zongo Lane a tsakiyar Accra ne gidan abin, kuma masu gyaran waya na Tiptoe Lane a Circle kan san inda za su nuna maka. In aljihu ya yi sanyi, tsohuwar rediyo ko lasifikar kwamfuta da ta mutu a wajen masu gwangwan tana ɗauke da soket mai kyau a cikinta. Da tsohuwar zuma ake magani. Ko ina za ka, ka tafi da igiyarka a aljihu. Ka gaida mai shago, ka tambayi iyali da kasuwa, sannan ka soka fulogin a cikin soket ɗin a gabansa. In ka ji ya ce ƙas ya riƙe gam, ku yi ciniki. In ya shige salin-alin ya fito salin-alin, ka mayar masa da godiya, ko da ya rantse maka daga Jamus aka kawo shi jiya. Ka tabbata notin yana tare da shi, ka kuma murɗa shi ka gani, domin soket mai noti da ba noti ba shi da maraba da wando ba mazagi. Iskar teku da ke kaɗawa Accra tana sa ƙarfe mai araha tsatsa da wuri, don haka in akwai mai ruwan zinare a baki, ƙara 'yan sidi ka ɗauka. Ka sayi biyu. Na farkon na koyo ne.

Yanzu ɗauko fulogin ka ƙirga baƙaƙen zoben da ke jikinsa. Zobe ɗaya, murya ɗaya ce tak, irin ta makirfo. Zobe biyu sun raba ƙarfen gida uku: tsinin na kunnen hagu, na tsakiya na kunnen dama, na gindi kuma shi ne hanyar dawowa da kunnuwan biyu suke tarayya a kanta, wadda masu gyara ke kira giraun. Wannan mai gida ukun shi kake nema. Zobe uku gida huɗu ke nan, an ƙara makirfo, kuma a nan rigima take, domin kamfanoni sun rabu ɗariƙa biyu. Tsarin CTIA, wanda kusan duk wayoyin yau ke bi, ya sa makirfo a gindi, giraun a samansa. Tsarin OMTP na tsofaffin Nokia da Sony Ericsson ya juya su. In ka taɓa soka iyafis ka ji mawaƙi kamar daga ƙasan rijiya yake rerawa, sai ka danne maɓallin amsa kira muryar ta fito fes, ba aljanu ba ne, mabiya ɗariƙun nan biyu ne suka haɗu a rami guda. Kai dai ka huta da wannan: ka sa soket mai ƙafa uku a kofin, in kana son kira ka sayi igiyar da makirfonta ke jikinta.

Ranar aiki, ka zaɓi wuri. Kada ka yi shi a bes ana dafa ataya, musamman ranar da Hearts of Oak ke karawa da Asante Kotoko. Sau da yawa akwai noti huɗu ƙanana a bayan soson kunne, kuma ƙwallo ɗaya in ta shiga raga, benci zai girgiza, uku daga cikinsu sun tafi ke nan har abada. Sami faranti ka zuba su. Kada kuma ka fara da yammacin ranar da aka ba ka aikin sa kiɗa a wajen suna, ba a fafe gora ranar tafiya. Ka duba ma wuta ta zauna, don dumso, wato ɗaukewar wuta, ba ya sallama kafin ya shigo, kuma dalma rabin narkewa ba ta jiran kowa.

Ɓare soson, kwance notin, ɗaga lasifikar a hankali, domin akwai siraran wayoyi a bayanta. Kafin ka taɓa komai, ɗauki hoto da wayarka. Kowa yana cewa zai tuna inda ja take da inda koriya take, kuma ba wanda ke tunawa. Yawanci igiyar tana shiga ta kofin hagu, wasu wayoyi biyu kuma su bi ta cikin bakan da ke saman kai su haye zuwa dama. Galibi ja ta dama ce, koriya ko shuɗiya ta hagu, mai launin jan ƙarfe giraun, amma masana'anta ba su yi wa kowa alkawari ba, hotonka ne shaida.

Sai batun rami, inda akasarin hedifon ke rasa ransu a hannun masoyansu. Da farko gwada soket ɗin a cikin kofin ka rufe, ka ga ko jikinsa ba ya tokare bayan lasifika. Sau da yawa ramin tsohuwar igiya ya isa, faɗaɗa shi kawai za ka yi zuwa kimanin milimita 6, gwargwadon wuyan soket ɗinka. Na san zuciyarka tana raya maka ka sa ƙusa a kurfot ta yi ja ka huda. Ka yi ta'awwuzi. Ƙusa mai zafi tana narka roba ta bar baki a karkace, noti ba zai zauna daidai ba. Fara da ƙaramin rami, ka riƙa faɗaɗawa da tsinin almakashi ko zagayayyen magagari, kana gwadawa. Rami in ya yi kaɗan ana ƙara shi, in ya yi yawa sai dai haƙuri. Kuma ka nisanta lasifikar daga wurin, domin maganaɗisun da ke cikinta yana jawo duk wani garin ƙarfe, in ya shiga kuwa za ka riƙa jin ƙarar yashi a cikin kowane karatu da kowace waƙa.

Ƙafafun soket ba a rubuta musu suna ba. Soka igiya a ciki, sa mitar gwada wuta a wurin da take kuka in waya ta haɗu, taɓa tsinin ɗaya bakin igiyar, ka bi ƙafafun ɗaya bayan ɗaya har ta yi tsuwa. Haka za ka yi wa na tsakiya da na gindi. In ba ka da mita, Masta mai gyaran rediyo na layinku yana da ita. Je da gaisuwa da goro, ka zauna ka kalli hannunsa, za ka dawo da abin da ya fi aron mita.

Wayoyin hedifon suna da wani siririn fenti a jiki wanda ke hana dalma kamawa. Kada ka kankare da reza, za ka yanke gashin. Narka ɗigon dalma a bakin ƙarfen soda, ka tsoma kan wayar a ciki har fentin ya ƙone ta yi fari. Shafa wa ƙafar soket ita ma dalma, sannan ka haɗa su. A jikin lasifika kuwa, taɓawa ce ta daƙiƙa biyu ko uku ka ɗaga. Ƙarƙashin wurin akwai wayar da ta fi gashin kai siranta, in ta ƙone, sai dai a yi wa kunnen nan addu'a. Ka kula da alamar tarawa da ta ɗebewa a kowace lasifika. In ka juya guda, sauti zai fito amma ganga za ta rasa nauyinta.

Kafin ka rufe, gwada. Batirin tocila mai bolt 1.5 ya isa: taɓa gindin fulogi da tsininsa, hagu ya ce ƙyas, taɓa gindi da tsakiya, dama ta amsa. Sai ka ɗaure noti da filaya, daidai wa daida, kada ka nuna masa ƙarfin tuwon zafi har roba ta tsage. Ɗigon jan farce a kan zaren yana hana shi kwancewa. Ka roƙi Yaya ko uwargida da baki, kada ka ɗauka a ɓoye, warinsa yana tona asiri tun daga zaure.

Da hannunka ya faɗa, za ka fara ganin wurin rami a jikin komai. Hedifon bulutut da batirinsa ya mutu yana dawowa aiki in ka raba lasifikokinsa da allon ciki ka kai su soket, amma ka cire batirin a hankali, kada ka huda shi, yana kamawa da wuta. Rediyon Baba tana son soket mai ƙafa biyar, wanda ke kashe lasifika da zarar an soka iyafis, ya ji labaran asuba jikoki na barci. Ƙananan akwatunan kiɗa masu amfilifaya irin PAM8403 kuwa, kada ka haɗa baƙaƙen wayoyin lasifikokinsu biyu a ƙafa guda, kowace da hanyarta take, in ka gama su hayaƙi zai tashi. Duk abin da ake sokawa a bango, wato amfilifayar masallaci ko tsohuwar talabijin, nan raha ta ƙare. Wutar gida a Gana bolt 230 ce, kuma wasu kayan ciki suna riƙe ta ko bayan an zare fulogi. Wannan aikin Masta ne, kai masa.

Ka shirya wa suna kuma. Kafin Juma'a ta zagayo, labari ya kai kasuwar Malam Atta cewa ɗan gidan Alhaji ya zama injiniya. Hajiya ta maƙwabta za ta aiko da tocila, da fanka, da injin markaɗe, da agogon bango da ya tsaya tun zamanin tsohuwar sidi. Karɓi abin da ka iya, wanda ba ka iya ba ka ce ba ka iya ba, ka nuna mata shagon da za ta kai.

In ka gama, tattara guntayen dalma ka ɗaure a leda inda yara ba za su kai ba, domin akwai gubar da ke taɓa ƙwaƙwalwar yaro a cikinta. Ka yi aikin a inda iska ke shiga, kada ka riƙe dalma da haƙori, kuma ka wanke hannu da sabulu kafin ka sa shi a kwanon wake da shinkafa.