Hijira Ba Tare da Ɗaga Ƙafa Ba

Malaman fiƙihu, Allah Ya saka musu da alheri, sun yi dogon bayani a kan hukuncin matafiyi da nisan da ke halatta masa ƙasaru, amma ban ga babin da ya taɓo mas'alar manomin Watari ta yankin Bagwai ba, wanda a shekarar 2019 ya kwanta yana talakan Sarkin Kano, ya wayi gari rediyo na shaida masa cewa Bagwai da kewayenta sun koma Masarautar Bichi, alhali ko rumbunsa bai gusa ba. Bawan Allah ya yi ta bitar sabon kirari har ya fara zauna masa a baki, sai kwatsam a watan Mayun 2024 majalisar jiha ta soke dokar sabbin masarautun, aka mai da shi Kano, wannan karon ma babu guzuri.

Da Babbar Sallah ta zo ya ɗaura niyyar kallon hawa, ko ya tabbatar wa idonsa inda yake, sai 'yan sanda suka hana hawan ɗungurungum. Dillalin tumatir dai, a dukkan masarautun biyu, farashi ɗaya ya taya masa.