Zuwa ga bawana, ɗan Gwaggo

Niyok, Amurka

Ina fatan kana lafiya, kai da iyali, da Gwaggo mai haƙuri da ta raini sarkin barci irinka.

Labari ya iso mini cewa ka zaga Haɗeja da hoton nan nawa, kana ce wa mutane ubangidanka ya kama noman shinkafa a Amurka. Ba laifinka ba ne, wanda bai taɓa wuce Nguru ba in ya ga taɓo sai ya ce shinkafa. Gyara zama in wayar maka da kai. Gayya muka fita.

Kusa da filin jirgin sama na JFK, inda nake ɗaukar fasinja, akwai wani ɓangaren teku da ya kutso cikin gari, ana ce masa Jamaika Bay. A tsakiyarsa akwai tsibirai na taɓo da ciyawa. Ruwan gishiri ne, sau biyu a rana yake cika ya rufe su, sau biyu ya janye. Shekara da shekaru tsibiran nan suna zaizayewa, saboda ruwan masai na birni da ake tacewa a zuba a ciki, da yashe ƙasan ruwan da aka yi, ga teku kuma yana ƙara tasowa. Da guguwar Sandy ta zo a watan Oktoba na 2012, ruwa ya shiga gidajen unguwar Broad Channel, jirgin ƙasan da ke ratsa wurin ya yi watanni bai bi ba. Nan ne mutane da yawa suka gane amfanin ciyawar: saiwarta ke riƙe taɓo, ganyenta ke karya ƙarfin igiyar ruwa kafin ta kai bakin gidaje.

Tun 2006 injiniyoyin sojan Amurka suka fara turo yashi ta bututu suna ɗaga tsibiran. A 2013 ƙungiyoyin American Littoral Society da Jamaica Bay Ecowatchers suka tara mutanen gari aka dasa ciyawa a tsibiran Rulers Bar da Black Wall. Har yau ana fita irin wannan aiki, mu 'yan gayya ba a biyanmu ko sisi.

Ba agogo ke sa lokacin fita ba, ruwa ne. Sai ya janye ake shiga da dogon takalmin roba. Wani ya huda rami, kai ka saka dashe, ka danne gindinsa da diddige don kada ruwa ya ɗauke shi in ya dawo. Sannan a kafa turaku a ja igiyoyi, domin dinyar wurin ba ta da kunya, da ka juya baya za ta cinye aikin wuni guda. Na dube ta da kyau, wallahi a bakin akushi kai kaɗai za ka ja da ita. Wata tsohuwa mai jikoki ce ke gefena, tana dasawa tana ba ni labarin yadda ruwa ya lalata mata ɗakin ƙasa. Ba ta miƙe ba sai da layinta ya ƙare. A wajen watan Mayu da Yuni kuma wata irin ƙaguwa mai faffaɗan ɓawo da wutsiya mai tsini, wadda jininta shuɗi ne, takan fito gaɓa yin ƙwai. In igiya ta kifar da ita, sai ka sa hannu ka juya ta. Kai da ka gan ta, sai an nemo ka a Kano. Tsuntsu fiye da iri 300 aka gani a wurin, jirage na tashi ta kansu.

Abin da ya sa aikin ya shiga raina shi ne fadamarmu. Nan ciyawa ake dasawa don ruwa ya bar mutane lafiya, mu kuwa kachalla ce ta toshe mana hanyoyin ruwa tun da aka gina dam ɗin Tiga da na Challawa, ta hana masunta wucewa, ta ba jan-baki masauki. Maganin dai guda ne, a fito a haɗa hannu. In masu gidajen bene za su shiga taɓo saboda ruwansu, mu da muke ci daga namu ba mu da hanzari.

Saboda haka ga hukuncin ubangidanka. Kuɗin sharar bana suna nan a ajiye, amma ba za su taso ba sai na ga hotonka a gayyar yankan kachalla, lauje a hannu, ruwa har ƙugu. Hoton bakin gaɓa da rake a baki ba ya cikin lissafi. Ka gai da Gwaggo da Baba, ka ce wa matarka ta riƙa tashinka da asuba.

Naka har kullum,
Ubangidanka, ɗan Kawu