Wai Murya Ma Sai An Koya?

Tun da labari ya fita cewa ina tara yara da yammacin Asabar ina koya musu fitar da murya, ban sake wucewa ta Kwanar Ɗangora lafiya ba. Ina sauka daga mota wani zai ɗaga kofin shayi: "Ga shugaban makarantar zakaru nan!" Wani dattijo daga Kiru har hannuna ya riƙe, cikin tausayi, ya ce, "Ɗana, waƙa baiwa ce. Wa ya koya wa kanari kuka?"

To Baba, Allah ya ƙara girma, je ka tambayi masu kiwon kanarin. Kusa da kejin tsoho suke rataye na ƙarami, don ya ji ya ɗauka.

Na san za ku jawo mini Shata, ku ce bai gaji waƙa ba, ba wanda ya zaunar da shi. Na yarda. Sai dai tun da ya rasu a 1999 nake zuba ido, daga Bebeji har Riruwai, ban ga na biyunsa a cikinku ba. Ku dubi Musa Ɗanƙwairo kuwa. A gaban mahaifinsa ya tashi, ya yi shekaru yana amshi a bayan yayansa Kurna kafin ya ja nasa ayarin. Mene ne amshi in ba makaranta ba? A nan yaro ke sanin inda zai shigo, inda zai ja numfashi, da yadda zai sa muryarsa cikin ta 'yan'uwansa ba ta yi tsini ba. Ya yi kuskure, harara ɗaya daga Daudun kiɗi ta ishe shi darasi. Makaɗan fada irin su Narambaɗa da Jankiɗi ba su taɓa ɗaukar wanda ya faɗo daga sama sun ce ya karɓi gindin waƙa ba.

Ga abin da muke yi, tunda kun ce tsafi ne. Yaro zai kwanta rigingine a tabarma, in kifa masa ƙaramar ƙwarya a cibiya. Ya ja numfashi, ƙwaryar ta tashi. Ya saki, ta sauka. In kafaɗunsa ne suka ɗaga ƙwarya na zaune, to iskar a ƙirji ta tsaya, ba za ta kai shi ƙarshen baiti ba. Akwai wani ɗan Tudun Wada da ya zo mini da jijiyoyin wuya a tashe kamar mai kiran shanu a dajin Falgore. Ƙarfi yake ji shi ne murya. Baiti uku, ta dushe. Mako shida muka yi ina sa shi hamma, don ya saki muƙamuƙi, sannan ya riƙe "aaa" a gaban fitilar aci-balbal ba tare da harshen wutar ya kwanta ba. Ran da ya iya, shi da kansa ya waiga yana neman mai muryar.

Wanda ya fi ba ni dariya shi ne malamin da ya ce wannan bidi'ar Turawa ce. Gafarta malam, ban haɗa karatu da waƙa ba, Allah ya kiyaye, amma kai ne fa ke hana almajiri wucewa sai ya fitar da harafi daga mafitarsa, ya ja madda daidai gwargwado. Ashe dai maƙogwaro yana jin horo. Turawan ma lalube suke yi kamar kowa, har sai da wani malamin waƙa ɗan Sifen, Manuel García, ya sa ɗan madubi a bakinsa a 1854 ya hango tantanin da ke kaɗawa in mutum ya yi sauti. Shekara 101 ya yi a duniya, ga masu cewa aikin yana cin rai.

Kuma namu ya fi nasu wuya, don Hausa ba ta yafe wa mawaƙi. Ja wasali inda bai kamata ba, garin da ake zama ya koma garin da ake tuƙawa. Sauke sauti inda ya kamata ka ɗaga, farin zane ya zama farin da ke ƙone gero. Na'urar situdiyon titin gidan Zoo tana iya miƙe muryar da ta karkace, ba ta iya mayar da ma'anar da ta gudu.

Sauran ƙa'idojin ba su da yawa. Lokacin hunturu ruwan ɗumi, ba na ƙanƙara ba. Zuma da citta ba laifi, amma layar murya ku bar ta a aljihu. Yaron da muryarsa ta fara fashewa ba na matsa masa, sai ta zauna.

Shi kuma mai kofin shayin nan, Asabar da ta wuce na ga babur ɗinsa a bayan katanga. Ɗansa ya sauke, ya ce wai hanya ce ta biyo da su. Daga Kwanar Ɗangora zuwa bakin Tiga inda nake tara yaran, hanya ta biyo da su! Ya tsaya jikin taga har muka tashi, kuma na ga hannunsa a kan cibiya.