Idan Firinta Ta Ƙi, Kowa Injiniya Ne

A Mubi, ɗan tike zai kalli bijimi sau ɗaya ya faɗi kuɗinsa, ɗan canji kuma ya juya sefa zuwa naira da ka kafin mutum ya zaro waya. Amma akwai na'ura guda da ta gagari kowa karantawa, ita ce firintar gida. Tana nan a kusurwar falo, an lulluɓe ta da tsohon ɗankwalin uwargida saboda ƙura, wata da watanni ba a ji ɗuriyarta ba. Sai daren da yaro zai buga takardar shiga jarrabawar JAMB, ko ranar da za a rufe karɓar takardun neman aiki, ta tashi da jar fitila tana ƙiftawa.

Mubi garin takarda ne. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, wadda kowa ke kira Poli, da aka kafa a 1979, ga Jami'ar Jihar Adamawa tun 2002, ga kwalejin koyon aikin lafiya. Duk gidan da ke da ɗalibi ya san zafin kuɗin buga furojet. Shi ya sa magidanta da yawa suka yi lissafi, suka ga gara a sayi firinta a huta. Ba su huta ba.

Da zarar fitilar ta fara ƙiftawa, akwai tsarin da gidaje ke bi ba tare da sun yi shawara da juna ba. A kashe, a kunna. In ta ƙi, a ɗan mare ta a gefe. In ta ƙi, a buɗe murfi a hura mata iska da baki. Daga nan sai shari'a: a tara yara a tambayi wa ya taɓa ta, auta ya sha ranƙwashi a kan laifin da aka aikata a wata masana'anta can ƙetaren teku. Duk wannan hidima, babu wanda ya sunkuya ya karanta abin da ta rubuta a allonta.

To ko an karanta ɗin ma, masu ƙera ta ba su yi wa kowa adalci ba. A duba saƙon nan da ya yi suna a duniya, na tsofaffin HP LaserJet, irin waɗanda ake samu a gwanjo: PC LOAD LETTER. Mai ɗan Turanci a gidan zai ce ai kwamfuta ce take neman a loda mata wasiƙa. Wace wasiƙa, zuwa ga wa, shi ma bai sani ba. Alhali abin da take nufi shi ne a zuba takarda mai girman da Amurkawa ke amfani da ita a cikin akwatin takardunta. Tasu faɗinta milimita 216 ne, tsawonta 279, ita kuwa A4 da ake sayarwa a kasuwar Mubi 210 ce da 297, ma'aunin da Jamusawa suka tsara tun 1922. Kwamfuta ta ce mata ga girman da ake so, ta leƙa akwati ta ga wani daban, ta tsaya cik. Gyaran bai fi minti ɗaya ba, a shiga saitin takarda a zaɓi A4. Kada mutumin unguwar Lokuwa ta Mubi ya ji kunya, domin su kansu Amurkawan saƙon ya taɓa haukata su. A fim ɗin Office Space na 1999, ma'aikatan ofis sai da suka ɗauki firintarsu zuwa wani fili suka yi mata rugu-rugu da kulki.

'Yar gwanjon Amurka tana da wani sharrin. An yi ta ne don wutar gidajensu mai ƙarfin bolt 110 zuwa 120, ta Najeriya kuwa 230 ce. Wanda ya jona ta kai tsaye a bango zai ga saƙon da ba ya buƙatar tafinta, wato hayaƙi.

Akwai inda zargin jama'a ke faɗawa daidai. Firinta mai garin tona tana da wani ƙarfe da ke yin zafi kusan digiri 200 don ya manna garin a jikin takarda. In ƙarfen bai yi zafin da ake so ba, HP takan rubuta 50.1. A gidan da ƙaramin janareta ke ɗauke da firij da fanka da talabijin da cajar wayoyin unguwa, ina za ta samu wannan ƙarfin? Sai maigida ya ɗaga hannu sama ya ce Allah ya isa tsakaninsa da NEPA. NEPA dai tun 2005 aka sauya mata suna, yanzu kamfanin rarraba wuta na Yola ne ke da Adamawa, amma in za a yi Allah ya isa, tsohon sunan ne ke zuwa baki.

Saƙon da ya fi tada jijiyar wuya shi ne na cewa takarda ta maƙale, a buɗe ko'ina a ga babu takarda. A nan ne Goggo ke matsowa ta ce ita dama ta faɗa, tun ranar da aka kawo abin nan mutane ke shigowa suna yabawa ba sa cewa tubarkalla. Bakin mutanen da Goggo ke zargi, in aka haska tocila, ƙurar hunturu ce ta kwanta a kan robar da ke jan takarda har ta yi santsi, ko kuma wani ɗan yagaggen ɓalli da bai kai farce ba ya tokare 'yar sandar da ke gaya wa na'ura takarda ta wuce. Da damina kuma takardar ce ke shan danshi ta manne da 'yar'uwarta. Tsumma mai ɗan jiƙa ya isa ya goge robar. Amma tsumma ba ya nuna ƙwarewa, don haka sai a ɗauko wuƙar yanka albasa.

Mai wuƙar yawanci ɗan maƙwabta ne da ke shekarar farko a Poli. Ko da lissafin kuɗi yake karanta, tunda yana rataya jakar kwamfuta, sunansa Injiniya. Zai zo ya zauna, a kawo masa ruwan sanyi, ya danna nan ya danna can, ya ce, "Bappa, direba ce ta gudu." Maigida ya yi shiru yana tunanin yaushe ya ɗauki direba. In Injiniya ya tashi tafiya, za a ga sukurori biyu a kan tebur waɗanda ya rantse ba su da wani amfani.

Masu tawadar ruwa kuwa nasu salon daban ne. Canon takan rubuta 5B00, Epson kuma ta ce wasu sassa a cikinta sun kai ƙarshen rayuwarsu, maganar da ke sa uwargida salati. Soso ne kawai a ƙasan na'urar, wanda ke tsotse tawadar da ake zubarwa duk lokacin da aka wanke kan bugawa. Abin dariyar, yawancinsu ba sa duba soson, ƙirga wankin suke yi, in adadin ya cika su kulle. Wato duk danna maɓallin wanki da maigida ya riƙa yi sau bakwai a jere don rubutu ya fito baƙi, shi ne ya matso da ajalin. Mai gyara a bakin kasuwa zai jona ta a kwamfutarsa ya mayar da ƙirgan sifili, ya karɓi kuɗinsa, soso kuwa yana nan a jiƙe. Bayan 'yan watanni kafet ɗin Hajiya ne zai ba da labari.

Su ma kamfanonin ba waliyyai ba ne. A watan Satumban 2016, firintocin HP da yawa a duniya suka wayi gari sun ƙi karɓar kwanson tawadar da ba na kamfanin ba, saboda wani tsari da aka shuka a manhajarsu. A Janairun 2024 shugaban kamfanin, Enrique Lores, ya kare wannan hali a tashar CNBC, yana cewa ana iya saka ƙwayar cutar kwamfuta a cikin kwanson. Mai ɗura tawada da sirinji a Mubi, wanda yatsunsa suka rine shuɗi da ja, bai san an ɗaga darajarsa zuwa ɗan kutsen intanet ba. Ga kuma halin nan nasu na ƙin buga baƙin rubutu don ruwan ɗorawa ya ƙare, kamar mai shayin da ya hana ka burodi saboda babu ƙwai.

Sai dai akwai abin da ba a faɗa a majalisa. Ranar da unguwa ta ji Alhaji ya sayi firinta, ranar gidansa ya zama shagon buga takardu na kyauta. Wannan ya aiko yaro da katin ɗaurin aure, wancan da takardar NIN, ɗan ƙanwar matar abokinsa da furojet mai shafi tamanin, kowa da "shafi ɗaya ne kawai". Babu mai zuwa da takarda, balle a yi maganar tawada. Kunya ba za ta bar Alhaji ya ce a'a ba. Jar fitilar nan ita ce ta cece shi. Yanzu duk wanda ya yi sallama, da fara'a ake shigo da shi falo, a yaye ɗankwali a nuna masa: "Wallahi ka ganta nan, tun bayan Sallah take wannan ƙiftawar." Akwai gidajen da aka san sarai takarda ce kawai ta ƙare a akwatin, kuma an gargaɗi yara kada wanda ya kuskura ya zuba.

Matsalar wannan dabara guda ce. In Alhaji ya matsu da tasa takardar, ba ya iya bugawa a gida, domin ƙarar firinta na tsallake katanga. Dole ya hau keke napep zuwa shagunan da ke bakin ƙofar Poli, ya shiga layi a bayan ɗalibai. A nan maƙwabcinsa ya same shi riƙe da fulash.

"A'a, Alhaji, har yanzu ba a gyara ta ba?"

"Ina fa! Injiniya ya ce sai an aiko da kayan daga Kano."

"Allah ya kawo su lafiya. Ka ga na fito ba canji, ko za ka haɗa da nawa shafi uku?"