Mu Fa Sai An Tashe Mu

Mu fa a unguwar nan muna da wani hali. Abu yana cin mu, kullum bayan isha'i sai mun kawo kukansa majalisa, amma a ce mu motsa, sai mu ce a bari tukuna. Mutum yana gidan haya, damina ta sauka sai an jera robobi a tsakar ɗaki, mai gida ya ƙi gyara, haya kuma kowace shekara sai ta hau. Ka ce masa, "Alhaji, akwai ɗaki a bayan makaranta fa," sai ya ce ai ya saba da maƙwabta, ga masallaci kusa. Sabo turken wawa ke nan.

Kuma ba ma cewa tsoro muke ji. Sai mu ce haƙuri muke. Alhali a ƙasan zuciya abu uku ne: me mutane za su ce, ina shekarun da na riga na zuba a nan, kuma idan can ya fi nan muni fa?

Amma ku dubi yadda muke idan an tilasta mana. A watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa marigayi Sarki Ado Bayero, gwamnatin Kwankwaso ta hana ɗaukar fasinja a babur a Kano. 'Yan acaɓa suka ce an gama da su. Ai kuwa mutanen da suka sha karaya a kan kwalta ba su bar sana'ar ba sai da aka hana. Yau da yawansu suna cikin Adaidaita Sahu, da rufi a kai, ana kiransu direba.

Sai farkon 2023, bayan da Babban Banki ya canza takardun naira 200 da 500 da 1,000, kuɗi suka ɓace a hannu. Mai shayinmu da ya rantse ba zai taɓa karɓar tiransifa ba, yanzu lambar asusunsa na manne a jikin gwangwanin madara. Kafin ka ajiye kofi ya ce, "Ban ga alat ba fa, yallaɓai."

A yi adalci dai, akwai wadda zaman dole take yi, ga yara, ba sisi, ba gidan komawa. Wannan ba abar raha ba ce, taimako take buƙata. Da mu masu ƙafa da hanya nake.

Ba sai an yi tsalle ɗaya ba. A shiga adashi don kuɗin sabon ɗaki, a koyi sabuwar sana'a da yamma kafin a ajiye tsohuwar, a tambayi wanda ya riga ya tafi yadda ya taras. Kai da ka yi istihara tun bara, Malam, je ka duba ɗakin nan kafin damina.