Wasiƙa Zuwa ga Hatimin da ke Kulle a Aljihun Tebur

Ya kai hatimi,

Na ga ya dace in rubuto maka kai tsaye, domin duk wanda ya taso daga ƙauyukan Kurfai ya nufi wani ofis a Filinge, kai yake nema. Takardar haihuwa, katin ɗan ƙasa, shaidar gona, takardun da yaro zai haɗa kafin a bar shi ya zauna jarrabawar BEPC, babu wadda ke da daraja sai ka sauka a kanta. Aikinka kuwa bai fi ƙiftawar ido ba: a dangwala ka a tawada, a buga, a sa hannu. Amma kana yini kana kwana a kulle, makullinka yana aljihun mutumin da ba ya kan kujerarsa.

Daga inda kake ba ka ganin baranda, bari in faɗa maka abin da ke can. Tsohuwa ce ta baro wajen Shikal tun asuba, takardar jikanta a naɗe cikin leda, ledar a ƙulle a bakin zane. Kaza ta sayar ta biya mota. Tana kan benci har rana ta take, sannan masinja ya leƙo ya ce, "Inna, mushe ya fita, sai ki dawo gobe." Ta ɗaga kai ta ce, "Ɗana, goben da wane kuɗin mota?" Ya sunkuyar da kai, don shi ma bai san inda mushe, wato mai riƙe da makullinka, ya nufa ba. Ran da aka yi sa'a yana nan, sai a tarar an rubuta sunan yaron ba daidai ba, ko shekarar haihuwarsa ta saɓa da wadda ke makaranta, saboda wanda ya cike takardar hankalinsa yana kan wayarsa. Harafi ɗaya da aka ɓata cikin sakaci yakan kai iyali gaban alƙali neman gyara, a kwashe watanni ana safa da marwa.

Dokar 2019 ta ba iyaye kwana 60 su kai sanarwar haihuwa, wanda ya wuce haka sai ya bi ta kotu. To, talaka an yanka masa wa'adi. Wane wa'adi aka yanka wa wanda zai karɓi sanarwar?

Abin ya fi ciwo da damina. Ruwan wannan yanki na Dallol Bosso ɗan taƙi ne, watanni kaɗan ya ɗauke. Manomin da ya bar gonarsa lokacin noman fari ya zo ya zauna jiranka, ciyawa ba ta tsaya masa ba, kuma a rumbu zai ga sakamakon. Ga matsalar tsaro da ta addabi jihar Tillaberi. Lokacin da aka hana hawan babur a farkon 2020, tafiyar da kabu-kabu ke yi cikin awa guda ta koma ta yini a kan amalanke ko a ƙafa. Mutanen da suka gudo daga wajen Abala da yawansu sun baro takardunsu a gida, alhali a kowane shingen jami'an tsaro kati ake tambaya. Ga irin waɗannan, kai ne tsakaninsu da wulaƙanci a kan hanya.

Dattawa suna yawan tuna zamanin Janar Seyni Kunce, ɗan Fandu a nan gundumar Filinge, wanda ya riƙe ƙasa daga 1974 har rasuwarsa a 1987. Suna ba da labarin yadda yakan faɗo ofisoshi da sassafe ba sanarwa, wanda bai tarar a bakin aikinsa ba ya shiga uku. Na fahimci kewar da suke yi, amma ni ba dawowar wannan tsoro nake roƙo ba. Da mai bulalar ya kau, sai aka koma gidan jiya, domin tsoron mutum ɗaya ne ya riƙe aikin.

Na san uzurorin, wasu ma gaskiya ne. Albashi bai taka kara ya karya ba, wuta tana ɗaukewa, kayan aiki ba su isa, iyalin ma'aikata da yawa suna Yamai, tafiyar kilomita kusan 180. Shi ya sa wasu ke sulalewa tun kafin mako ya ƙare, su dawo bayan wani ya kama. Amma cikin wannan hali ne malamin kwantaragi, wanda sau da yawa kuɗinsa kan makara, yake shiga ajin zana kullum safiya. Cikinsa ne ungozoma ke kwana a tsaye. A gidan kiwo na Tukunus, inda ake renon shanun Azawak, mai tatsa ba ya ce wa saniya ta dawo gobe. Waɗannan bayin Allah su ke ɗaukar nauyin raggaye, kuma da an tashi zagin ma'aikatan gwamnati da su ake haɗawa. Wannan yana ƙona mini rai ƙwarai.

Abin da nake nema a kanka ba ya bukatar kuɗi daga Yamai. In mai riƙe da kai zai fita, ya bar makullinka hannun mataimakin da aka ba izinin sa hannu. A liƙa lokutan aiki a ƙofa, da Hausa da Zabarmanci da Tamashek, a kuma karanta wa wanda bai iya karatu ba. Kafin a buga ka, a karanta wa mai takarda sunansa da shekarunsa da babbar murya, ya tabbatar. In kuskuren daga ofis ya fito, ofis ya ɗauki wahalar gyaransa. Shugaban ma'aikata kuma ya riga kowa zuwa, ya fito baranda da kansa ya tambayi na kan benci tun yaushe suke zaune, daga wane gari suka taso, sannan ya sallami na nesa tukuna.

Wassalam,
Wani ɗan Kurfai